Ƙaramin Saja a Gidan Dutse

A zauren surukina, can Rano, akwai wani tsohon ƙyaure da aka ɗora a kan bulo huɗu, aka kifa masa bahon wanki, aka danne bahon da dutse. Baƙo yakan ɗauka kaza ce ke kwanci a ciki. Yaƙi ne a ƙarƙashin bahon, kuma ba a buɗe shi sai ranar Asabar bayan la'asar.

Surukin nawa tsohon soja ne. Ya bar aiki yana saja, muƙamin kuma ya biyo shi gida, har liman ma Saja yake ce masa. Ni Baba nake ce masa, shi ma sai ta kama dole, don tun da na auri 'yarsa magana tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa ba. In tuɓe takalmi, in durƙusa, in tambayi ƙafa da iyali, in tashi. A lokacin ina aikin fassara labarai a wani gidan rediyo a Kano, nakan kawo iyali gida sau ɗaya ko biyu a wata.

Wasan ya zo da shi ne daga wata ƙasa da aka tura su aikin kiyaye zaman lafiya. Wani sojan Turawa da suka yi watanni suna gadin sito ɗaya ya koya masa, da zai koma ƙasarsu ya bar masa akwatin. A ciki akwai taswirar wani ƙauye na can, da gidajen dutse da gonaki da ɗan kurmi, an yanka ta gida-gida kamar saƙar zuma. Akwai 'ya'yan wasa na kwali, kowanne bai fi kan sarki girma ba. Yawancinsu rukunin sojoji ne, goma-goma. 'Yan kaɗan kuma mutum ɗaya ne tak, wato shugabanni, masu ƙara wa rukunin da suke tare da shi ƙarfi. Kowane ɓangare ya matsa da nasa, ya yi harbi daga nesa, lamba ta faɗi wanda ya tsira. In kuwa sojojin ɓangarorin biyu suka haɗu a gida guda, wannan shi Saja yake kira gaba-da-gaba. Akwai kuma littafin dokoki, da Turanci, ƙananan baƙaƙe kamar an watsa riɗi. Saja ya ajiye shi a ƙasan akwati. Ya ce dokokin suna kansa.

Abokin karawarsa taubashinsa ne, malamin gona a Kibiya, wanda yakan hawo babur kowace Asabar ko ana ruwa. Saja ɗan mace ne, shi ɗan namiji, saboda haka tun suna yara yake kiran Saja bawansa, furfura kuma ba ta canza komai ba. Saja shi ma bai taɓa kiransa da sunansa ba a gabana. Mai taki yake ce masa.

Da farko da ƙwayar ludo guda biyu ake fitar da lamba. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, limamin masallacin unguwa, wanda yakan leƙo wai don ya tuna musu magariba, ya kuma zauna har sai ladan ya tuna masa, ya ce shi ba zai ƙara zama inda ake jefa ƙwaya ba. Malamai sun yi magana a kanta, ko da ba a sa kuɗi ba. Ba wanda ya hana su wasa, amma Saja bai so ya rasa liman ba. Aka yanko sillen kara goma sha biyu, aka yi musu ɗigo da ƙusa mai zafi, ɗaya zuwa shida, sau biyu, aka zuba shida-shida a hula biyu. Mai kai hari ya kau da kai, ya zaro ɗaya daga kowace hula, a haɗa. Ƙaramar lamba ita ce sa'a. Liman ya juya karan a hannunsa, ya ce wannan ya fi kama da yadda ake fid da rabo in kashi ya yi daidai, ya gyara zama. Hula ɗaya ta Saja ce. Ɗayar ta duk wanda ya fi kusa ce, shi ya sa masu sanƙo suke zama daga baya.

A cikin shugabannin ɓangaren Saja akwai wani saja. Hannu ya cinye launinsa, gefensa ya yi laushi. Ƙaramin Saja ake ce masa. Shekara huɗu suna wannan karawa, kuma duk ɗan wasan da ke cikin akwatin ya taɓa kwana a gwangwanin madarar da ake zuba matattu, ban da shi. Saja ya iya ɓoye shi a bayan bango, inda harbin nesa ba ya samu. Wata rana da baki ya yi masa daɗi, ya ce ranar da ƙaramin Saja ya shiga gwangwani, a ɗaure akwatin a bayan babur a kai shi Kibiya, ya bar wa Mai taki. A gaban liman ya faɗa, kuma ya maimaita fiye da sau ɗaya.

Maganar ta fi nauyi fiye da yadda take fita. Gwiwar Saja ta daɗe da hana shi zuwa majalisa. Masallaci ma da sanda yake zuwa, babur kuwa ba ya iya ɗaga ƙafa ya hau. Kwana shida a mako zauren nan daga shi sai rediyo. Ranar Asabar kuwa sai an ƙara tabarma: ga liman, ga mai shayin bakin titi da yakan bar tebur ya zo da buta, ga wani dattijon makiyayi daga wajen Rurum wanda bai taɓa tambayar dokar wasan ba kuma bai taɓa fashi ba, ga masu wucewa da suke tsayawa a bakin ƙofa. Akwatin ne yake kawo su. Kowa ya san haka, ba wanda yake faɗa.

Daga cikin dokokin da ke kan Saja akwai wata game da shugabanni. In aka yi gaba-da-gaba, ba a taɓa shugaba. Yana nan tare da yaransa yana ƙara musu ƙarfi, in sun ƙare sai a ɗauke shi cikin mutunci a mayar da shi bakin taswira inda ya fito, ya sake shigowa. Ba wanda ya ga abin mamaki a nan. Ko a rikicin iyakar gona ba a ɗaga wa mai unguwa hannu. Malamin gona kuwa shi ya fi kowa cin moriyar dokar, don yana da wani laftanar da kusan kowane wata sai an raka shi gida. Duk lokacin da Saja ya ɗauki laftanar ɗin da yatsa biyu, sai ya ba da labarin wani hafsa da ya ce su riƙe wata gada zai je ya kawo taimako, ba su sake ganinsa ba sai a filin jirgi yana shan lemo. Yakan ƙare labarin da cewa hafsa daban, saja daban. Saja ba ya barin yaransa.

Abin ya faru ne bayan zaɓe na biyu da dawowar mulkin farar hula, lokacin da kowa a Rano ya zama lauya, har mai faci ya san bambancin soke zaɓe da sake ƙirge. Malamin gona ya yi Asabar uku yana tura mutanensa ta cikin kurmi, ɗaya bayan ɗaya, yana ta ƙorafin cewa ya ɓata hanya. Saja ya yarda, don ya saba ganinsa yana ɓata hanya. A Asabar ta huɗu rukuni uku suka fito daga kurmin suka auka cikin wani gidan dutse. A gidan akwai rukuni ɗaya na Saja, da ƙaramin Saja.

Malamin gona ya naɗe hannun riga.

"Bawana, tuɓo hularka. Yau a Kibiya akwatin nan zai kwana."

"Mai taki, ba a taɓa shugaba. Kai ka fi kowa sani. Laftanar ɗinka ya fi ka sanin hanyar gida."

"A ɗauko littafi."

Shekara huɗu bai taɓa neman littafi ba, aka kuwa tuna masa. Ya ce da ba ya da buƙata, yanzu yana da ita. Mai shayi ya kawo shawarar a ɗaga hannu, tunda zamanin dimokuraɗiyya ake ciki. Malamin gona ya dubi masu ɗaga hannun, duk mutanen Rano, a kan tabarmar Saja, suna shan ruwan randar Saja, ya ce an yi maguɗi tun kafin a fara. Liman ya ce a nan yana da gaskiya ta wata fuskar, don inda akwai rubutu ba a ƙirga hannu. Aka zazzage akwatin aka fito da littafin.

Sai kuma aka rasa mai karantawa. Saja ya ce Turancin Mai taki bai wuce na bayan buhun taki ba. Malamin gona ya ce Turancin Saja hagu ne da dama da tsaya cik. Liman ya ce ai akwai mai fassara a cikin gida. Malamin gona ya fara cewa suruki ba ya shaida a kan uban matarsa, sai ya tsaya ya yi tunani, ya ce ya yarda. Mutumin da yake karanta farashin tumatir da sanarwar rasuwa da murya ɗaya, in ji shi, ba shi da ɓangare. Aka aiko aka kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa, liman ya miƙo mini littafin, aka ba ni mako guda. Aka kifa baho, kowane ɗan wasa yana inda yake. Malamin gona ya zana taswirar gidan dutsen a bayan wata takarda ya sa a aljihu, wai saboda kaji.

Muka kama hanyar komawa Kano har muka wuce rabin hanya. Sannan matata ta ce, tana kallon taga, na dai san Baba ba ya iya hawa babur. Na ce na sani. Ranar Talata wani direba ya sauke mini buhun dankali daga Kibiya, ba wasiƙa. Na raba wa maƙwabta kafin ya kwana a gidana.

Sashen da ya shafi shugabanni a gaba-da-gaba shafi ɗaya ne da rabi. Abin da aka fara koya mana a wurin aiki shi ne kada ka rubuta kalma ɗaya sai ka karanta labari har ƙarshe, don sau da yawa abin da ke ƙasa yana canza abin da ke sama. Na karanta shi sau uku. Na rubuta, na karanta wa kaina da ƙarfi, na gyara inda Hausar ta yi tuntuɓe, na sake gwada shi da asalin jimla bayan jimla. Dokar ba ta da wuya. Ba ta kuma yi kama da wadda ke kan Saja ba ko kaɗan. Sakin layi na farko zai ɓata masa rai. Na biyun zai fi ɓata masa rai, ko da yake shi ne mai amfaninsa. Na yi kwana biyu ina duba ko akwai yadda za a sassauta ɗayansu ba tare da an taɓa ma'ana ba. Babu.

Abin da ya rage shi ne yadda zan faɗa. Ba zan iya duban uban matata in ce masa shekara huɗu yana kuskure ba, ko da da takarda a hannuna. Ranar Asabar na zauna a bakin ƙofar zaure, na ba shi gefe, na fuskanci liman. Zauren ya cika fiye da kullum, har da waɗanda ba su san ana wasa da kara ba. Na fara kowace jimla da cewa littafin ya ce, kamar yadda muke cewa rahotanni sun ce in labari ya yi zafi.

"Allah gafarta Malam, littafin ya ce, in aka yi gaba-da-gaba, shugaba yana tare da rukunin da ke gidan. Zamansa yana ƙara musu ƙarfi. Amma abin da ya same su ya same shi. In suka ƙare, ya ƙare tare da su."

Malamin gona ya miƙe tsaye ya fara gode wa jama'a ɗaya-ɗaya kamar wanda aka rantsar. Ya nemi a soke duk nasarorin shekara huɗu, tunda a kan dokar bogi aka yi su. Liman ya ce hukunci ba ya komawa baya, in kuwa za a koma, to laftanar ɗin Kibiya ya mutu tun shekarar farko, kuma duk wasan da aka yi da shi bayan nan da gawa aka yi. Malamin gona ya janye ƙarar.

Saja yana nesa da ni da taku biyu, amma liman ya duba.

"Malam, tambaye shi, a nan ya ƙare?"

Liman ya juyo ya tambaye ni. Na ce da saura.

"Littafin ya ce, kafin a fitar da lamba, shugaba yana iya fita daga gidan shi kaɗai, in akwai gida a maƙwabtaka da babu abokin gaba a ciki. In ya fita ya tsira. Yaransa kuma za su yi faɗan ba tare da ƙarfinsa ba."

Kawuna suka sunkuya kan taswira. Gidan dutsen yana da maƙwabta shida. Biyar akwai mutanen Kibiya a ciki ko bango ya tare. Na shidan, wani ɗan lambu a bayan gida, ba kowa. Malamin gona bai tsare shi ba, don bai san akwai abin tsarewa ba.

Ya ce karatu ya isa haka, a rufe littafi, sakin layi na farko ya wadatar. Liman ya ce wanda ya kira shaida ba ya toshe masa baki a tsakiyar magana. Malamin gona ya ce to wataƙila na ƙara gishiri, ai suruki suruki ne. Na miƙa littafin da takardata ta hannun liman, na nuna wurin da yatsa. Malamin gona ya sa tabarau ya daɗe yana motsa baki, ya ce ya ga wata kalma da ya sani, kuma ba ta taimake shi ba. Sannan ya kawo wata hujjar, wai faɗan ya riga ya fara tun makon jiya, wanda ya kwana bakwai a gida ɗaya da abokan gaba ba zai ce yanzu zai fita ba. Wannan ta ɗauki lokaci. Liman ya tambaya ko an zaro kara makon jiya. Ba a zaro ba. Ya tambaya ko hula ta bar kai. Mai shayi ya shaida cewa Saja ya taɓa tasa amma bai tuɓe ba. Liman ya ce to faɗa bai fara ba, ƙofa a buɗe take.

Aka nemi in faɗi lambobin, na faɗa wa liman. Rukuni uku a kan ɗaya: in malamin gona ya zaro tara ko ƙasa da haka, ya gama da su. In ƙaramin Saja yana ciki, sai ya zaro bakwai ko ƙasa da haka. Wato tsayawarsa tana rage wa Kibiya lamba biyu, amma ko da ya tsaya, sa'ar ta fi karkata can. Kowa a zauren ya yi shekaru yana kallon karan nan, ya san bakwai ta fi kowace lamba yawan fitowa.

Malamin gona ne ya fara gane abin da littafin ya ba shi, fuskarsa ta sake. Ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ce shi yanzu ba ya gaggawa. Ya ce bawansa ya zaɓa a tsanake, ko akwati ko gada. Dattijon makiyayin nan, wanda a shekara huɗu ba a ji ya ce komai ba sai sannunku, ya ce su a wajensu in kura ta shigo garke mai shanu ba ya tafiya gida. Ya ƙara da cewa amma kuma ya san waɗanda suka tafi, suna nan da ransu, har sun sake tara shanu. Ba wanda ya gane gefen da ya bi.

Saja bai dubi taswira ba. Daga inda nake ina ganinsa ta wutsiyar ido, wadda ita ce iyakar abin da ya halatta gare ni. Ya dubi tabarmin da aka ƙara. Ya dubi takalman da suka taru a bakin ƙofa har suka sauka kan titi. Ya shafa gwiwarsa. Sannan ya sa ɗan yatsa ɗaya a kan ƙaramin Saja, ya tura shi a hankali zuwa cikin lambu.

"Ya je ya duba bayan gida," in ji shi.

Ba wanda ya yi dariya, don ba a san ko an yarda ba tukuna. Aka tuɓe huluna, ta Saja da ta mai shayi, aka zuba kara. Malamin gona ya yi bisimilla, ya kau da kai, ya zaro ɗaya, ya zaro ɗaya. Biyar da uku.

Mai shayi ya ce takwas, sannan ya so ya mayar da maganar bakinsa. Kowa ya yi lissafin a zuci. Takwas ta kashe rukunin, tunda ba shugaba. Da ya tsaya, takwas ba ta isa ba. A cikinmu duka mutum ɗaya ne al'ada ta ba shi izinin faɗar haka a fili, kuma bai yi wasa da izinin ba.

"Bawana, da ya tsaya da suna nan da ransu. Mai shayi, haɗa wa ƙaramin Saja mai kauri, ya sha gudu. In babu shayi a kawo masa lemo."

Nan zauren ya fashe. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Ni na dubi takardata, na sake karanta ta, ko da yake na haddace. Saja da kansa ya ɗauki rukunin ya sa a gwangwani. Bai jefa ba kamar yadda yake jefa na Kibiya. Ya ce wa liman ya gode wa mai karatu, ya karanta da kyau. Liman ya juyo ya gode mini. Na ce ba komai, na tashi na shiga gida. Matata ta tambaya ko akwatin yana nan, na ce yana nan. Ta tambaya ko Baba ya ji daɗi. Na ce akwatin yana nan.

Labarin ya riga malamin gona isa Kibiya. Aka ce har a Durba, inda yake zuwa duba gonaki, yana tsayar da babur ya ba da shi, yana nuna yadda yatsan ya tafi. Labarin hafsa da gada kuwa ya ɓace daga zauren, ba wanda ya tambayi inda ya shiga.

Asabar ta gaba ba makon zuwana ba ne, amma na zo. Na tarar an cire dutse, an ɗaga baho, ba a fara ba. Saja ya ce akwai shari'ar da za a yi kafin wasa, ta soja, kuma yana son liman ya zama shaida. Ya ɗauko ƙaramin Saja daga lambu ya ɗora a kan murfin akwati. Ya karanta masa laifinsa a taƙaice: barin wurin aiki ba da izini ba, da jawo asarar mutum goma. Ya tambaye shi ko yana da abin faɗa. Ya jira. Sannan ya zaro sabuwar reza daga aljihu ya ɓare takardarta. A jikin ɗan wasan akwai igiya uku ta muƙami, sun dushe amma ana gani. Ya matso da shi kusa da ido, ya kankare ɗaya.

"Daga yau kofur ne."

Malamin gona ya yi dariya har da hawaye, ya ce hukuncin ya yi sauƙi, shi da ɗaure shi aka yi. Yana cikin share ido Saja ya juya wajen liman.

"Malam, alkawarin da na yi a gabanka, a kan wa na yi shi?"

"A kan ƙaramin Saja."

"To duba taswirar nan da kyau. In ka ga saja, nuna mini."

Dariyar malamin gona ta tsaya a tsakiya. Ya ce wannan zamba ce tsagwaronta, an canza ɗan takara bayan an rufe rajista. Ya ce mutumin shi ne dai mutumin, ko da igiya ko ba igiya. Saja ya ce duk wanda ya faɗi haka bai taɓa shiga bariki ba. Aka dubi liman. Liman ya ce mas'alar tana da faɗi, sai ya duba littattafai. Aka dube ni, na ce ta bakin liman cewa littafin wasan bai ce komai a kan reza ba, na duba. Malamin gona ya ce zai ɗaukaka ƙara. Aka tambaye shi zuwa ina, ya ce zai yi tunani, amma a kawo huluna tukuna, la'asar tana tafiya.

A ranar Saja ya fito da kofur daga lambu ya sa shi a gaban rukunin farko, a fili, ba bango ba itace. Kafin ladan ya kira magariba harbi daga kurmi ya same shi. Saja ya ɗauke shi ya jefa a gwangwani ba tare da ya duba ba, ya miƙa wa mai shayi kofi, ya ce wa Mai taki ya matsa da nasa, kuma in zai zo mako mai zuwa ya taho da wuri.